Hoton Bayan Inna Tumba

Ni magini ne.
Shekara talatin ina ɗora tubali kan tubali
daga Kalgo har Bunza,
in saki igiya mai dalma a baki, in ji ta bakinta.
Bangon da ya yi ƙarya, igiya ke tona shi.

Ran Talata na kai Inna Tumba Birnin Kebbi.
Ba faɗuwa ta yi ba.
Tulu ta sunkuya za ta ɗaga, ruwan ma rabi,
sai ta ji ƙas! a tsakiyar baya,
kamar an taka busasshen kara.
Kwana tara tana ce mana sanyi ne.

A ɗakin hoto wata yarinya, Lantana,
ta ce a cire sarƙa, a cire laya,
ta tsayar da ita a kaikaice jikin farin allo,
hannuwa a gaba, riƙe da sandar ƙarfe.
"Inna, miƙe iya miƙewarki."
"Ɗiyata, ai a miƙe nike."
Ba wanda ya yi dariya.
"Riƙe numfashi."
Injin ya yi ɗan tari. Shi ke nan.

Likita ya manna baƙar takarda jikin fitila,
sai ga uwata, ba zane, ba fata, ba suna,
sai ginin da na fito daga cikinsa.
Na ƙirga tubalan da ido, don aikina ne.
Na sama suna nan, na ƙasa da dama-dama,
uku na tsakiya sun zauna ta gaba,
sun sirance kamar bakin gatari.
Sauran kuma haske na ratsa su
irin na azarar da gara ta cinye, ta bar ɓawo don kunya.

Ya ja layi daga kan wannan,
ya ja wani daga gindin wancan,
inda suka gamu ya rubuta sittin da biyu.
Ya ce lanƙwasar ke nan.
Ya ce ƙashi kan zube a ɓoye, ba ya sallama,
sai ran da tulu ya tambaye shi.

Da bango ne, na san abin faɗi:
a rushe, a kwaɓa sabuwar ƙasa.
Na yi shiru.
Ina neman damunan dashen shinkafa a cikin lambar nan,
ruwa har gwiwa, kai a ƙasa tun hantsi.
Ina neman goyo tara.
Ina neman wane tubali ne ni.

Sai na tuna ƙusar da take rataye carbi.
Sau biyu ta ce in sauko mata da ita,
sau biyu na ɗauko guduma na sauko,
ban taɓa tambayar dalili ba.
Ni mai igiya.
Ni da ke hango karkatar katangar wani daga kan babur.

A mota, kowane rami sai ta kama hannuna.
Wajen kwanar Kalgo ta ce, "Nuna mini abin da ka biya kuɗi."
Na ɗaga takardar jikin gilashi, rana ta shiga.
Ta daɗe tana kallo.
"Wanga ai lauje na," in ji ta.
"To, lauje ma da aikinshi."

An ce mu dawo bayan wata shida a sake ɗauka,
a ga ko lambar ta tsaya.
Ƙwayoyi na cikin gwangwanin goro.

Da safe na fasa dokin ƙofarta,
na gina wa tulun dakali daidai ƙugunta.
Na saki igiya don sabo.
Ginin ya tsaya cak, ba ko ɗan karkata,
kuma karon farko ban ji daɗin hakan ba.